Balaga da Adon Harshe: Sharhi kan Kalmomin Feɗe Adabi da Iyakarsu a Gaban Nassi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi keɓaɓɓun kalmomin nazarin adabi da ɗalibin ƙasar Hausa yake cin karo da su ta hanyoyi biyu: na ilimin balaga da aka gada daga zaure, da na adon harshe da masana Hausa suka tsara a jami'o'i. An auna siffantawa da mutuntarwa da kambamar zulaƙe da kinaya da takwarorinsu na Larabci, aka gwada su a kan maganar yau da kullum da waƙoƙin addini da ayoyin Alƙur'ani. Nazarin ya nuna cewa kalmomin Hausa sun ƙware wajen bayyana hoton da magana ta zana, amma ba su tilasta wa mai nazari ya kawo hujjar barin ma'anar zahiri. Wannan giɓi ba ya cutarwa a waƙar siyasa ko ta soyayya, sai dai a gaban nassi yana iya yanke hukuncin aƙida ko na fiƙihu ba tare da mai rubutu ya sani ba.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah da ya sanar da ɗan Adam bayani, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Yaron da ya tashi a Makera ko Kakuri, a kudancin Kogin Kaduna, yakan je makarantar boko da safe, ya je islamiyya da yamma. A darasin Hausa ana koya masa kamantawa da siffantawa da jinsintarwa domin jarrabawar WAEC da NECO. Idan karatunsa na Larabci ya yi nisa, sai ya haɗu da tashbihi da isti'ara da majazi a littafi irin Al-Balagatul Wadiha. Ba kasafai ake samun mai zaunar da shi ya nuna masa inda kalmomin nan biyu suka haɗu da inda suka rabu ba. Saboda haka shi da kansa yake ƙulla musu aure, ya ɗauka kowace kalmar Hausa fassara ce ta wata kalmar Larabci.

Kaduna gari ne da aka daɗe ana fassara Alƙur'ani da Hausa a bainar jama'a. Tafsirin marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992, a masallacin Sultan Bello, Rediyon Kaduna ya kai shi lungu-lungu na ƙasar Hausa, kuma har yau duk watan azumi masallatan unguwanni cike suke da alaramma mai jan baƙi da malami mai fassara. Yawancin masu zama a kan waɗannan kujeru nan gaba, ɗaliban da suka bi ta makarantun nan biyu ne. Tuni aka fara ganin kundayen digiri da ke nazarin "adon harshe a cikin sura kaza", ana jera ayoyi a ƙarƙashin mutuntarwa da kambamawa. Wannan ne ya sa tantance kalmomin ya zama aikin malaman addini, bai tsaya ga sashen Hausa kaɗai ba.

2.0 Mafarin Kalmomin Biyu

Ilimin balaga ya girma ne a inuwar tambayar gagarar Alƙur'ani: me ya sa Larabawa, da duk fasaharsu, suka kasa kawo irinsa? Ibnul Mu'utazzi ya tattara nau'o'in ƙawata magana a Kitabul Badi'i a shekara ta 274 bayan Hijira. Abdulƙahir Jurjani, wanda ya rasu a 471, ya zurfafa bincike a Asrarul Balaga da Dala'ilul I'ijazi, inda ya nuna cewa kyawun magana yana cikin yadda aka ƙulla kalmomi da juna. Sakkaki, wanda ya rasu a 626, ya tsara fannin a Miftahul Ulumi, Ƙazwini ya taƙaita shi a Talkhisul Miftahi, daga nan aka zauna a kan kashi uku: ma'ani da bayani da badi'i. Wannan tsari ne ya iso zaurukanmu ta hanyar waƙen Uƙudul Jumani na Suyuɗi da Jauharul Maknuni na Akhdari. Shaihu Abdullahi ɗan Fodiyo ya kula da fuskokin balaga a tafsirinsa Diya'ut Ta'awili, wanda hakan ke nuna cewa malaman jihadi sun ɗauki fannin a matsayin makamin fahimtar nassi.

Kalmomin adon harshe kuwa 'ya'yan jami'a ne. Da aka koma koyar da Hausa da Hausa a Kano da Zariya da Sakkwato, sai buƙatar keɓaɓɓun kalmomi ta taso. Masana suka zauna suka ƙera su, aka fitar da Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi a 1990 bisa editancin Farfesa Ɗalhatu Muhammad. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa hanyar nazarin rubutacciyar waƙa a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, wanda sabon tsarinsa ya fito a 2007. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi wa waƙar baka Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993. Farfesa Abdullahi Bayero Yahya ya fitar da Salo Asirin Waƙa a 2001. Daga waɗannan ayyuka da makamantansu ne jigo da warwarar jigo, zubi da tsari, amsa-amo, ɗango, gangara, saɓi-zarce da sauransu suka zauna a bakin ɗalibai.

Wajibi ne a yi wa wannan aiki adalci. Kalmomi ne da aka ƙera da Hausa tsantsa, mai jin su yana iya hasashen ma'anarsu tun kafin a yi masa bayani. Duk Bahaushe ya ji "dabbantarwa" ya san an mayar da wani abu dabba. Haka kuma masu ƙirƙirar su waƙar Bahaushe suka nufa, ba su ce a ɗauke su a auna Littafin Allah da su ba. Sukar da ke cikin wannan maƙala tana kan yadda ake aro su zuwa fagen da ba a yi su dominsa ba.

3.0 Siffantawa ba Ita ce Isti'ara ba

Tsakanin kamantawa da tashbihi babu saɓani mai yawa. Duka biyun suna da abin da aka kamanta, da abin da aka kamanta shi da shi, da kalmar kamance irin kamar ko tamkar ko sai ka ce, da fuskar da suka yi tarayya. Hausa ma ta ƙara rabo mai amfani, wato kamancen daidaito da na fifiko da na kasawa.

Matsalar tana farawa daga siffantawa. Idan aka ce "malaminmu kogi ne", ɗalibin Hausa zai ce siffantawa ce, in aka tambaye shi Larabcinta ya ce isti'ara. A wurin jamhurun malaman balaga kuwa wannan jimla tashbihi ce, wadda ake kira baligi, domin an ambaci ɓangarorin biyu, malami da kogi, an dai shafe kalmar kamance da fuskar kamance. Kowace kalma tana nan a kan ma'anarta ta asali. Isti'ara ba ta samuwa sai an ɓoye ɗaya daga cikin ɓangarorin. Idan aka ce "yau kogi ya zauna a kan buzu yana ba da karatu", an ari sunan kogi an ba malami, ba a ambaci malamin ba. A nan dole mai nazari ya amsa tambaya biyu. Mece ce dangantakar da ta halatta aron, wato alaƙa? Yalwa da shayarwa. Mene ne ya hana a ɗauki kogi na gaske, wato ƙarina? Zama a kan buzu da ba da karatu.

Wannan bambanci ya taɓa shafar ibada tun zamanin sahabbai. Aya ta 187 ta Suratul Baƙara ta iyakance lokacin sahur da rarrabewar farin zare daga baƙin zare. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa wasu mutane sun riƙa ɗaura zare fari da baƙi a ƙafafunsu suna ci har sai sun iya bambance su, sannan aka saukar da ƙarin da ya bayyana cewa alfijir ake nufi. Sun kuma ruwaito labarin Adiyyu ɗan Hatim, wanda ya sa igiyoyi biyu a ƙarƙashin matashinsa, Annabi (SAW) ya nuna masa cewa hasken rana da duhun dare ake nufi. Zamakhshari, wanda ya rasu a 538, ya lura a Kashshafi cewa ambaton alfijir ne ya fitar da maganar daga babin isti'ara ya mayar da ita tashbihi. Wanda kalma ɗaya tak yake da ita, wato siffantawa, ba zai iya ganin abin da wannan ƙari ya yi ba, domin a wurinsa ayar siffantawa ce kafin ƙarin, siffantawa ce bayansa.

Akwai kuma nau'in majazi da ba a gina shi a kan kamance ba. Idan aka ce "Makera duk ta fito jana'izarsa", ba a kamanta unguwa da mutum ba. An ambaci wuri ne ana nufin mazaunansa. Wannan shi ne majazi mursali, kuma alaƙarsa ita ce ta mazauni da mai zama. Da yake ba shi da gurbi tsayayye a jerin da ɗalibai suka fi haddacewa, sukan tura shi cikin mutuntarwa. Haka suke yi wa aya ta 82 ta Suratu Yusuf, inda 'ya'yan Annabi Yaƙub suka nemi mahaifinsu ya tambayi alƙaryar da suka kasance a cikinta, alhali mafi yawan malaman tafsiri mutanen alƙaryar suka fahimta.

4.0 Mutuntarwa a Gaban Nassi

An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, ta tsaya da aiki a 2002, wasu masaƙun Kakuri suka bi bayanta. Mutanen yankin sukan ce "masaƙu sun mutu", wani kuma ya ce "talauci ya shimfiɗa tabarmarsa a unguwar". Jimla ta biyu mutuntarwa ce ba musu: an ɗauki talauci tamkar baƙon da ya zo zama. Balaga tana kiranta isti'ara makniyya, wato an ɓoye mutumin da aka kamanta talauci da shi, aka bar wani abu nasa, shimfiɗa tabarma, ya yi nuni gare shi. A nan rabon Hausa ya fi na Larabci fayyace hoto, domin makniyya ta haɗa mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa a buhu ɗaya. Manazartan Larabci na zamani ma sai da suka ji buƙatar kalmar tashkhisi, kamar yadda Sayyid Ƙuɗub ya yi amfani da ita a littafinsa At-Taswirul Fanni fil Ƙur'an na 1945.

Abin da ya sa hukuncin ya yi sauƙi a waɗannan jimloli shi ne kowa ya san masaƙa ba ta da rai, talauci ba shi da tabarma. Ƙarinar a fili take, hankali da al'ada sun ba da ita. To, idan mai maganar shi ne Mahaliccin duwatsu da ƙasa, wa zai ba da tabbacin cewa ba su magana?

A duba wurare uku. Aya ta 77 ta Suratul Kahfi ta jingina nufin faɗuwa ga wani bango. Jamhuru sun ce aro ne, ana nufin ya kusa rushewa, kuma Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba tunda shi ma yakan ce "garun nan yana so ya faɗi". Duk da haka Shaihu Muhammadul Amin Shanƙiɗi, wanda ya rasu a 1393, ya ga babu abin da ya hana bango ya kasance da nufin da Allah ya san haƙiƙarsa. Wuri na biyu shi ne aya ta 44 ta Suratul Isra'i, wadda ta tabbatar da tasbihi ga kowane abu, ta kuma ce mutane ba sa fahimtar wannan tasbihi. Zamakhshari ya ɗauke shi a matsayin harshen hali, wato halitta tana nuni ga Mahaliccinta. Malamai da yawa kuwa suka ce tasbihi ne na haƙiƙa, suka kafa hujja da ƙarshen maganar: in da nuni ake nufi, ai masu hankali suna fahimtarsa. Suka ƙarfafa wannan da hadisin kututturen dabino da ya yi kuka lokacin da Annabi (SAW) ya koma yin huɗuba a kan mumbari, wanda Bukhari ya ruwaito. Wuri na uku Suratuz Zalzala ce, inda aka ce ƙasa za ta ba da labarinta, kuma Tirmizi ya ruwaito hadisin da ya fassara hakan da shaidar da za ta bayar a kan abin da kowane bawa ya aikata a bayanta.

Waɗannan wurare uku ba matsayinsu ɗaya ba. A na farko majazi ya fi rinjaye a wurin mafi yawan malamai, a na biyu saɓani ne mai ƙarfi, a na uku akwai ruwayar da ta tsayar da ma'anar zahiri. Ɗalibin da ya jera su duka a ƙarƙashin kan magana ɗaya, "Mutuntarwa", ya riga ya ce bango ba shi da nufi, duwatsu ba sa tasbihi, ƙasa ba za ta yi shaida ba, domin ma'anar kalmar ita ce ba wa abu halin da ba shi da shi. Ya shiga tsakiyar mas'alar da manyan malamai suka yi ƙarnoni suna tattaunawa, ya zaɓi ɓangare, bai kawo hujja ba, bai ma san ya zaɓa ba.

Sananne ne cewa samuwar majazi a Alƙur'ani ita kanta abar saɓani ce. Jamhuru sun tabbatar da shi. Ibnu Taimiyya a Kitabul Imani da almajirinsa Ibnul Ƙayyim a As-Sawa'iƙul Mursala sun soki raba magana zuwa haƙiƙa da majazi, Shanƙiɗi kuma ya keɓe risala guda a kan hana shi a cikin Alƙur'ani. Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin ɓangarorin da zai yarda da yadda ake amfani da mutuntarwa a kundayen da ake magana. Masu hanawa sun ƙi asalin abin, masu tabbatarwa kuma sun shar'anta ƙarina kafin a bar zahiri.

5.0 Kambamar Zulaƙe da Matakan Mubalaga

Kambamar zulaƙe kalma ce mai daɗin faɗa, kuma ta dace da makaɗin fada da ke cewa ubangidansa ya fi dubu shi kaɗai. Amma a cikinta akwai hukunci: abin da aka faɗa ya wuce gaskiya. Malaman badi'i sun raba mubalaga kashi uku, kamar yadda ya zo a Talkhisi. Idan abin da aka yi iƙirari yana yiwuwa a hankali da al'ada, tabligi ne. Idan yana yiwuwa a hankali amma al'ada ba ta saba da shi ba, igraƙi ne. Idan hankali da al'ada duk sun kore shi, guluwwi ne, kuma ba a karɓarsa sai da wasu sharuɗɗa, kamar a shigar da kalmar da ke kusanto shi ga yiwuwa, irin "ya kusa" ko "da a ce".

Amfanin wannan ma'auni yana fitowa a waƙoƙin madahu da na wa'azi, waɗanda su ne kaso mafi girma na rubutattun waƙoƙin Hausa na ƙarni na 19, suka kuma ci gaba a ƙarni na 20 a ayyuka irin Imfiraji na Aliyu Namangi. Idan sha'iri ya ambaci ɓuɓɓugar ruwa daga tsakanin yatsun Annabi (SAW), ko tafiyar dare zuwa Baitul Maƙdis, bai kambama ba. Labari ya bayar wanda ya tabbata a nassi. Mu'ujiza ai ma'anarta ke nan, abin da ya keta al'ada kuma ya auku. Haka idan mai waƙar wa'azi ya siffanta zafin wuta ko ni'imar aljanna, yawanci aya ko hadisi yake mayarwa baiti. Mai nazarin da ya rubuta "kambamar zulaƙe" a gefen irin wannan baiti ya ƙaryata sha'irin a kan abin da sha'irin ya yi imani da shi, ya kuma taɓa nassin da ke bayansa.

Ta ɗaya ɓangaren, akwai yabon da ya ƙetare iyaka da gaske, kuma Bukhari ya ruwaito hanin Annabi (SAW) ga a wuce gona da iri wajen yabonsa kamar yadda Nasara suka yi wa Annabi Isa. Jayayyar da aka daɗe ana yi a Kaduna da sauran garuruwa tsakanin malaman ɗariƙu da na Izala a kan wasu baitocin bege, wani sashe nata jayayya ce ta balaga. Wannan yana cewa ƙauna ce aka furta ta hanyar majazi, wancan yana cewa guluwwi ne. Muhawarar za ta fi amfani idan aka bi baitin da tambayoyi a jere: shin abin da ya faɗa ya zo a ruwaya ingantacciya? In bai zo ba, a wane mataki na mubalaga yake? In majazi ne, ina ƙarinarsa? Shin ya jingina wa halitta abin da ya keɓanta ga Mahalicci? Kalma ɗaya da ta haɗe waɗannan duka ba za ta raba gardama ba.

6.0 Kinaya: Suna Ɗaya, Ma'ana Uku

Kinaya ta shiga jerin adon harshe da sunanta na Larabci, shi ya sa ruɗaninta ya fi ɓoyuwa. A bakin ɗalibai da yawa, duk maganar da aka sakaya kinaya ce, ko habaici ne ko gatse ko gugar zana. A balaga kuwa ma'anarta a ƙuntace take: a faɗi magana ana nufin abin da ya lazimce ta, tare da halaccin nufin ma'anarta ta asali. Idan aka ce "tukunyarsa ba ta sauka daga kan murhu", karamci ake nufi, amma babu abin da ya hana a ce tukunyar da gaske ba ta sauka. Wannan ne ya raba ta da majazi, wanda ƙarinarsa ke kore ma'anar asali. Hausa cike take da ita: "ta sauka", "ya zaga baya", "ya riga mu gidan gaskiya". Habaici da gugar zana sun fi kusa da ta'aridi, gatse ya fi kusa da tahakkumi, magana mai harshen damo kuma ta fi kusa da tauriya.

A fiƙihu kalmar tana da ma'ana ta uku, wato lafazin da bai fito ƙarara ba, kishiyar sarihi. Malikawa sun raba kinayar saki zuwa bayyananniya da ɓoyayyiya. Mijin da ya ce wa matarsa "tafi gidanku" ya yi lafazin da ake komawa ga niyyarsa kafin a ce aure ya mutu ko bai mutu ba. Ta'aridi ma yana da nasa hukunci: aya ta 235 ta Suratul Baƙara ta halatta shi wajen nuna sha'awar auren mai takaba, alhali fitowa fili haramun ne kafin idda ta cika, kuma a mazhabar Imamu Malik wanda ya yi habaicin zina a fili ana iya tsayar masa da haddin ƙazafi. Saɓanin malamai a kan ko shafar mace na warware alwala ya samo tushe daga ko lafazin aya ta 6 ta Suratul Ma'ida kinaya ce ga saduwa, kamar yadda aka ruwaito daga Ibnu Abbas, ko taɓawa ce ta zahiri. Ɗalibin da zai zama alƙali ko mai fatawa, in ya shigo da "kinaya ita ce sakaya zance" kawai, bai shirya wa waɗannan babuka ba.

7.0 Abin da Kowane Ɓangare ya Rasa

Akwai wani giɓi a yadda ake feɗe waƙoƙin malamai. Ɗalibi yakan buɗe kan magana "Aron Kalmomi", ya jera kalmomin Larabcin da ya tsinta a waƙa, ya wuce. Alhali sha'iri irin Nana Asma'u ko Isa ɗan Shehu ba ƙarancin Hausa ne ya sa shi kawo lafazin Larabci ba. Sau da yawa yanki ne na aya ko hadisi aka saƙa a cikin baiti, wato iƙtibasi; ko ishara ce ga wata ƙissa, wato talmihi; ko kuma zube ne aka mayar waƙa. Wanda bai gano tushen ba, bai gano jigon ba.

Masu karatun Larabci ma suna da nasu rauni. Da yawa sun haddace rabe-raben isti'ara da misalan da aka gada, amma in aka ce su fitar da makniyya ɗaya daga hirar kasuwa sai su tsaya. Balagar da ba ta sauka cikin harshen uwa ba, hadda ce. Wannan yana bayyana a kan kujerar tafsiri: aya ta 29 ta Suratul Isra'i ta zana mai rowa da hoton hannun da aka ƙuƙunce a wuya, mai almubazzaranci kuma da hannun da aka shimfiɗa gaba ɗaya. Mai fassarar da ya san Bahaushe yana da "sakin hannu" da "maƙo" zai isar da hoton da ma'anar tare. Wanda bai lura ba zai bar masu sauraro da hannu a wuya. Haka nan ba daidai ba ne a tilasta wa waƙar baka ma'aunin arulin Khalil, ko a kira ɗiyan waƙa da gindinta da sunayen ƙasida. A wannan fage kalmomin da masana Hausa suka tsara su ne suka dace, domin daga jikin waƙar aka ciro su.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa siffantawa ta haɗe tashbihi baligi da isti'ara, mutuntarwa da kambamar zulaƙe suna ɗauke da hukuncin cewa abin da aka faɗa bai auku ba, kinaya kuma tana yawo da ma'ana uku a ƙarƙashin suna ɗaya. Bisa ga haka ana ba da shawarwari kamar haka. Na farko, a shigar da alaƙa da ƙarina cikin darasin adon harshe, ko da sunayensu na Larabci ko da "dangantaka" da "manuniya", ta yadda duk wanda ya ce a nan akwai siffantawa zai faɗi abin da ya hana ɗaukar zahiri. Na biyu, masu duba kundayen da suka shafi Alƙur'ani da hadisi su hana sanya aya a ƙarƙashin mutuntarwa ko kambamawa sai bayan an kawo maganar malaman tafsiri a kanta, an kuma bayyana saɓani in akwai. Na uku, malaman balaga a islamiyyu da sassan Larabci su riƙa biyo kowace ƙa'ida da misali daga Hausar ɗalibansu. Na huɗu, sassan Hausa da na Larabci da na nazarin addinin Musulunci su haɗu su fitar da ɗan ƙamus mai gwama kalmomin biyu, wanda zai nuna inda suka yi daidai, da inda ɗaya ta fi ɗaya faɗi, da inda babu takwara sam. Masana Hausa sun riga sun yi rabin aikin tun 1990. Sauran rabin yana wuyan waɗanda suka karanci balaga kuma Hausa ce harshensu. Allah shi ne mafi sani.